Gaskiya ko Jita-jita: Gajeriyar Fam-akshin da Abin da Ake Faɗa a Kanta

A watan Janairun 2017, a baje kolin bindigogi na SHOT Show da ake yi a Las Vegas, kamfanin Mossberg na Amurka ya fito da wata bindiga da ya raɗa wa suna 590 Shockwave. Fam-akshin ce, irin wadda mai harbi ke jan mariƙin da ke ƙarƙashin bututu ya sake tura shi gaba, kwanson da aka harba ya faɗo, sabon harsashi ya hau. Sai dai ita tun daga masana'anta aka rage ta gaba da baya. Bututunta inci 14 ne da 'yan kai, ba ta da gindin da ake tokarawa a kafaɗa, sai wani ɗan lanƙwasasshen mariƙi. Tsawonta gaba ɗaya inci 26 da ɗoriya, wato kamar santimita 67. Ba a jima ba kamfanin Remington ya biyo sahu da tasa, 870 TAC-14. Masu saye suka yi mata rububi, kuma tare da ita aka sake tono tsoffin maganganun da aka daɗe ana yi a kan gajeriyar bindiga: ba ta buƙatar saiti, ƙarar ɗana ta kaɗai tana korar ɓarawo, ba ta taɓa cijewa, ita ce ta dace da mace da tsoho. A cikin maganganun nan akwai masu ƙamshin gaskiya. Mafi yawa kuwa daga fim aka kwaso su.

Kafin a shiga tantance su, ya kamata a san abin da ya sa tsawon nata ya tsaya a inci 26 da ɗan ƙari. Mutane da yawa sun ɗauka injiniyoyi ne suka auna suka ga nan ne ta fi aiki. Lauyoyi ne suka auna. A 1934, bayan shekarun da 'yan daba irin su Al Capone suka addabi Chicago, majalisar Amurka ta yi dokar bindigogi ta ƙasa, wadda ta ɗora rajista da harajin dala 200 a kan wasu makamai, ciki har da bindigar harbin tsuntsu mai gajeren bututu. Iyakar da ake aiki da ita ita ce inci 18 ga bututu, inci 26 ga tsawon bindigar baki ɗaya. Dala 200 a wancan zamani ta ninka kuɗin bindigar kanta sau da yawa, don haka harajin kusan hani ne. Amma dokar ta bayyana irin wannan bindiga da cewa ita ce wadda aka ƙera domin a harba ta daga kafaɗa. To idan ba a taɓa sa mata gindi ba fa? Ta wannan kafa Mossberg ya bi. Hukumar ATF mai kula da bindigogi ta amince cewa Shockwave ba ta faɗa cikin wancan rukuni ba, muddin tsawonta ya haura inci 26 kuma ba a ɓoye ta a jiki ba. Wanda ya saye ta ya ɗaura mata gindi ba tare da rajista ba, ya aikata babban laifin da zai iya kai shi ɗaurin shekara goma. Ke nan abin da zai sa ta fi daɗin harbi shi ne ainihin abin da doka ta hana a ƙara mata. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata kafin ya gaskata talla.

Kuma kada a ɗauki maganar inci ɗaya ko biyu da wasa a can. Rikicin Ruby Ridge na jihar Idaho a watan Agustan 1992, wanda ya ci ran matar Randy Weaver da ɗansa mai shekara 14 da wani jami'in gwamnati, William Degan, tushensa zargi ne cewa Weaver ya sayar wa ɗan leƙen asirin ATF bindigogi biyu da aka gajarta. Daga baya kotu ta wanke shi daga wannan tuhuma.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa, ta fi kowace haɗari, ita ce ta saiti. Ana cewa ka dai juya bakinta wajen da abin yake ka danna kunama, ƙwayoyin dalma za su baje su cika ɗaki. Harsashin da aka fi amfani da shi wajen tsaro, wanda ake kira lamba 00, ƙwaya tara yake ɗauke da su a bindiga mai lamba 12, kowace ƙwaya faɗinta ya ɗan haura milimita 8. Suna fita daga bututu a dunƙule, sai a hankali suke warwatsuwa. Ƙiyasin da malaman harbi suka daɗe suna koyarwa shi ne kamar inci ɗaya na buɗewa a kowane yadi ɗaya na tafiya, kuma harsasan zamani da yawa ba sa ma kai haka. Kamfanin Federal, alal misali, yana sa wani kofin roba da ke riƙe ƙwayoyin wuri ɗaya har su yi nisa. A yi lissafi: daga wannan bango zuwa wancan a falo mita biyar ne ko shida. A wannan tazara duk ƙwayoyin tara za su taru a wurin da bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya karkata kaɗan ya kuskure baki ɗaya, kuma ƙwayoyin nan tara sai sun sami inda suka tsaya. Idan tazara ta kai mita 25 zuwa 30 kuma, matsalar ta juya: sun baje har wasu su wuce ta gefen abin da aka nufa ko da saitin ya yi daidai. Jita-jita ce zalla.

Tana da ƙanwa, wato cewa gajeren bututu ya fi baza harsashi. Nan akwai inda aka samo ta. Abin da ke taƙaita bajewar ƙwayoyi shi ne ɗan matsewar da ake yi wa bututu dab da bakinsa, dabarar da maƙerin Birmingham W. W. Greener ya yayata a shekarun 1870. Ana auna ta da yawan ƙwayoyin da suka shiga da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40: bututu mai cikakkiyar matsewa kan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari, wanda ba shi da matsewa ko kaɗan kusan kashi 40. 'Yan fashin da, da 'yan Mafiyan Sisili masu gajeriyar bindigar da suke kira lupara, idan suka yanke bututu, matsewar ce ke tafiya tare da guntun da aka jefar. Sai mutane suka ga bajewa suka jingina ta ga gajarta. Bututu biyu masu matsewa iri ɗaya, ɗaya inci 14 ɗaya inci 20, kusan zane ɗaya suke yi a jikin allo.

Haka nan batun ƙarfi. Masu kushe ta kan ce gajeriya ba ta da ƙarfi, kuma a nan su ne suka yi kuskure. Albarushin zamani yana cinyewa da sauri, yawancin aikinsa ya ƙare tun harsashi bai yi nisa a cikin bututu ba, don haka gudun da ake asara tsakanin inci 18 da inci 14 kaɗan ne. Maharban tsuntsaye suna son bututu mai inci 26 zuwa 30 ne domin yana bin tsuntsu a sama cikin natsuwa kuma ido na samun doguwar hanyar saiti. Abin da gajarta ke ƙarawa shi ne ƙara da walƙiya. Harbin bindiga mai lamba 12 yana kaiwa tsakanin desibel 150 zuwa 165, alhali hukumomin kula da lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa 140 a matsayin iyakar da kunne zai iya ɗauka ko da sau ɗaya. A rufaffen ɗaki da daddare, harbi ɗaya kan bar mai bindigar da kunne na amo da ido a dushe, daidai lokacin da ya fi buƙatar ji da gani.

Sai maganar ƙarar ɗanawa, wannan "ƙarak-ƙarak" da masu shirya fim ba sa gajiya da ita. A fim za ka ga jarumi ya ja mariƙi sau uku a magana ɗaya, ko harsashi ɗaya bai faɗo ba. A zahiri duk jan da aka yi wa bindigar da ke ɗane, lafiyayyen harsashi ne ke faɗuwa ƙasa. Shockwave biyar take ci a ma'ajiyarta da ɗaya a baki, TAC-14 huɗu da ɗaya. Wanda ya ja don tsoratarwa ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar ko shida na abin da yake da shi. Shin ƙarar na iya sa wani ya arce? Tana iyawa, kamar yadda kunna fitila ko haushin kare ke iyawa. Tana kuma iya shaida wa mai makami inda kake tsaye a cikin duhu. Ba abin da za a gina shiri a kai ba ne. Ko Joe Biden, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa a 2013, ya sha suka daga lauyoyi da malaman harbi bayan ya ce ya shawarci matarsa ta fita baranda ta yi harbi biyu a iska idan aka yi yunƙurin shigo musu gida, domin a wurare da yawa a Amurka wannan harbin kansa laifi ne. Abin da ke gaskiya a nan shi ne 'yan sandan Amurka sun daɗe suna ajiye fam-akshin a mota da harsasai a ma'ajiya amma ba komai a baki, sai an fito da ita a ɗana. Dalilinsu kuwa na kariya ne: makullin yawancin irin waɗannan bindigogi kunama kawai yake tarewa, idan ta faɗi da ƙarfi tana ɗane tana iya tashi.

"Fam-akshin ba ta cijewa." Wannan rabi gaskiya ce, kuma rabin mai nauyi ne. Tsarin tsoho ne da aka daɗe ana gogewa. Christopher Spencer ya fitar da irinta a farkon shekarun 1880, John Moses Browning ya zana wa Winchester samfurin 1897, Remington 870 ta fito a 1950 kuma an ƙera fiye da miliyan goma sha ɗaya, Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Tunda hannun mutum ne ke motsa ta, ba ruwanta da ƙarfin harsashi: mai nauyi, mara nauyi, na roba da 'yan sanda ke tarwatsa taro da shi, duk tana ci, alhali mai ɗana kanta takan tsaya idan harsashin ya yi rauni. Ƙura da rashin mai ba sa saurin kayar da ita. Amma tunda hannun mutum ne injin, rawar jikin mutum ita ce cutarta. Wanda tsoro ya kama yakan ja mariƙin bai kai ƙarshe ba ya mayar, sai ko dai kwanso ya maƙale ko bindigar ta rufe babu komai a ciki. Malaman harbi sun san wannan kuskure sarai, sun kuma san ba ya gyaruwa sai da maimaici mai yawa. A gajeriya marar gindi abin ya fi muni, domin babu kafaɗar da za ta tokare bindigar yayin da hannu ke ja. Akwai kuma haɗarin da doguwa ba ta da shi: hannun da ke tura mariƙi gaba yana iya zamewa ya wuce bakin bututu. Shi ya sa Mossberg ya ɗaura wa mariƙin Shockwave maɗauri da ake zura hannu a ciki. Kamfani ba ya ƙara irin wannan don ado. Sojojin Amurka ma, da suka tashi zaɓen sabuwar bindiga irin wannan a 1999, Benelli M4 mai ɗana kanta suka ɗauka.

A fim ɗin Terminator 2 na 1991, jarumar ta ɗana fam-akshin da hannu ɗaya ta hanyar girgiza ta sama da ƙasa, kuma tun daga nan abin ya zauna a kan mutane. Ga yadda hannu ɗaya yake a zahiri. Ranar 11 ga Afrilun 1986 a Miami, jami'an FBI suka yi artabu da 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan. Wani jami'in, Edmundo Mireles, harsashi ya farfasa masa hannun hagu. Yana riƙe da Remington 870. Sai da ya zauna a ƙasa, yana matse bindigar a tsakanin ƙafafunsa yana ɗanawa da hannun dama, yana ɗora ta a jikin mota yana harbawa, har harsasanta suka ƙare. Duk da haka ba ita ta kawo ƙarshen faɗan ba. Sai da ya miƙe ya ƙarasa da ƙaramar bindigarsa ta hannu. Horarren jami'i ke nan, mai taurin zuciya irin wadda ba kowa ke da ita ba. Fam-akshin bindigar hannu biyu ce, kuma wanda ke tunanin zai riƙe ta da ɗaya, ya riƙe waya ko fitila ko hannun yaro da ɗayan, bai taɓa gwadawa ba.

Maganar da ta fi ba ni takaici ita ce ta mata da tsofaffi. Mai shago zai ɗauko gajeriyar ya ce ga ta nan ba nauyi, ita ta dace da uwargida. Lissafi ya ce akasin haka. Ƙwaya tara na lamba 00 sun kai giram 31, suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Duk ƙarfin da ya tura su gaba, kwatankwacinsa yana dawowa baya, kuma nauyin bindiga ne ke shanye wani ɓangare nasa kafin ya isa jikin mai harbi. Cikakkiyar 870 mai gindi ta kai kilo uku da 'yan kai, Shockwave ba ta kai kilo biyu da rabi ba. Da harsashi iri ɗaya, mara nauyin tana dukan mai ita da ƙarfin da ya ɗara na mai nauyin da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma maimakon dukan ya sauka a kafaɗa da ƙirji, a wuyan hannu yake sauka. Idan mai harbin ya ɗaga ta kusa da fuska don ya yi saiti bai miƙe hannuwa sosai ba, leɓe da haƙori ne za su biya. A yi wa lanƙwasasshen mariƙin adalci: ya fi tsohon mariƙi mai kama da na fistol sauƙi a wuyan hannu, kuma akwai samfurin lamba 20 da na .410 masu sauƙin duka. Amma sauƙi a kan mummuna bai mayar da ita bindigar ɗan koyo ba. Ba wa raƙumi kaya kaɗan bai sa ya zama abin hawan yaro.

Wannan lissafin dai shi ke rushe wata tatsuniyar, ta mutumin da harbi ke ɗagawa sama ya maka shi da taga. Ƙarfin da ke cikin giram 31 ɗin nan, idan aka raba shi a jikin mai kilo 70, turin da zai yi masa bai kai santimita 20 a daƙiƙa ba, ƙasa da tafiyar mai rarrafe. Da harbin na iya jefar da wanda aka harba, da ya fara jefar da mai harbin.

Akwai masu cewa ai fa'idarta a gida ita ce ba ta huda bango kamar bindigar yaƙi. A Amurka bangayen cikin gida allunan farar ƙasa ne marasa kauri, kuma lamba 00 tana ratsa da yawa daga cikinsu a jere. Bangon bulo da na ƙasa irin namu sun fi tarewa, amma ƙofa da taga da kwano da zana ba su tare komai ba, siminti kuma yana iya mayar da ƙwaya ta karkata inda ba a nufa ba. Sai wasu su ce to a sa ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu. Su ma ba wasa ba ne, a kusa suna yin mummunan rauni har su kashe, amma ba sa shiga jiki da zurfin da zai tabbatar an dakatar da mahari. Ma'aunin FBI shi ne harsashi ya shiga aƙalla inci 12 a cikin daskararren sinadarin da ake kwaikwayon tsoka da shi, ƙwayoyin tsuntsu kuwa ba sa kusantar haka. A watan Fabrairun 2006 mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya harbi abokin farautarsa Harry Whittington bisa kuskure a Texas, daga nisan kusan yadi 30, da irin waɗannan ƙwayoyi, a fuska da wuya da ƙirji. Dattijon mai shekara 78 ya kwanta asibiti, wata ƙwaya ma ta taɓa zuciyarsa, amma ya rayu har 2023. Duk harsashin da zai iya tsayar da mutum zai iya ratsa siririn bango. Babu wanda ke yin ɗayan ya bar ɗayan.

Masu talla suna son ambaton yaƙin duniya na farko, kuma labarin gaskiya ne. A watan Satumban 1918 gwamnatin Jamus ta aika wa Amurka ƙorafi a rubuce kan fam-akshin da sojojinta ke amfani da ita a ramukan yaƙi, har ta yi barazanar kashe duk fursunan da aka kama da ita. Sakataren harkokin wajen Amurka Robert Lansing ya yi watsi da ƙorafin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waccan Winchester 1897 bututunta inci 20 ne, da cikakken gindi, har da wurin ɗaura banati. Sunan da yayar ta yi ne ƙanwar ke ci da shi.

To, a ina gajartar take da amfani na haƙiƙa? Akwai, kuma bai kamata a ɓoye ba. Sojoji da 'yan sanda na musamman suna rataye gajeriyar fam-akshin domin fasa makullin ƙofa da wani harsashi da ke rugurgujewa bayan ya bugi ƙarfe. A wurinsu kayan aiki ce ta biyu, bindigar faɗansu daban take. Jami'an kotunan tarayyar Amurka masu tsaron shaidu sun yi amfani da gajeriyar 870 mai irin wannan mariƙi, domin aikinsu na cikin mota ne da lungu, inda doguwa ke sarƙewa. Rundunonin 'yan sanda da dama suna sayen mai bututu inci 14 amma da cikakken gindi, wadda ita ce ta haɗa gajarta da saiti, ita ce kuma wadda ɗan ƙasa ba ya mallaka sai da rajista ta musamman. Akwai kuma wata hanyar gajartawa: kamfanin Kel-Tec ya fito da KSG a 2011, wadda aka mayar da injinta baya cikin gindi, ta zama tsawon inci 26 da bututu inci 18 da rabi da ma'ajiya biyu masu cin bakwai-bakwai. Ta magance ƙarancin harsashi, amma loda ta da gyara ta idan ta cije sun fi wuya. A ɗaya gefen akwai Serbu Super-Shorty mai bututu inci shida da rabi, wadda biyu take ci da ɗaya a baki. Ma'ajiyar fam-akshin bututu ce da ke kwance ƙarƙashin babban bututu, don haka duk incin da aka rage a sama, gurbin harsashi aka rage a ƙasa, kuma ɗaya bayan ɗaya ake lodawa.

Ko a lungun ma ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Marar gindi, idan ana son saiti, sai an miƙa ta gaba da hannu biyu zuwa daidai ido, kuma a haka bakinta ya yi nisa da jiki kusan kamar na mai gindi da ke manne a kafaɗa. Gajartarta ta fi amfani lokacin da take ajiye ko rataye. Lokacin harbi, an biya kuɗin gajartar ba a ci ribarta ba.

Ita kanta fam-akshin, doguwa da gajeriya, ta rage daraja a wurin 'yan sandan Amurka tun bayan 28 ga Fabrairun 1997. Ranar ce 'yan fashi biyu sanye da sulke suka fito daga wani banki a North Hollywood suka yi ta musayar wuta da 'yan sandan Los Angeles kusan minti 44. Fistol da fam-akshin ɗin 'yan sanda sun kasa huda sulken, har sai da wasu jami'ai suka je wani shagon bindigogi suka aro manyan bindigogi. Bayan nan rundunoni da yawa suka fara sa bindigar AR-15 a motocin sintiri. Su ma masu laifi ba ita ce zaɓinsu ba, duk da sunan da ta yi: a ƙididdigar FBI ta 2019, an yi kisa 6,368 da ƙananan bindigogin hannu, 200 kacal da bindigar harbin tsuntsu kowace iri.

A Najeriya ba baƙuwa ba ce. A 2017 kaɗai hukumar kwastam ƙarƙashin Hameed Ali ta kama fam-akshin 661 a Legas a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sai 1,100 da kuma 470 a watan Satumba, jimilla 2,671, kuma yawancinsu daga Turkiyya aka yi lodinsu. Ana ganin ta a hannun 'yan sintiri da masu gadi, kuma abu biyu ake yawan faɗa a kanta a nan. Na farko, wai ita ce daidai da bindigar 'yan ta'adda. Ba haka ba ne. Ƙwayoyinta ba a dogara da su bayan mita 40 ko makamancin haka, dunƙulallen harsashi guda ɗaya da ake sa mata yana iya kaiwa mita 100 a hannun gwani, AK-47 kuwa tana aiki har mita 300 kuma gidan harsashinta talatin yake ci. A fili ko a daji, mai fam-akshin yana cikin zangon abokin gabarsa tun kafin abokin gabar ya shigo nasa. Wanda ya tura matashi da ita yana ce masa sun yi kunnen doki, ya cuce shi.

Na biyu, wai tunda bindigar farauta ce, kowa na iya ajiye ta. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Bindigar toka irin su adaka kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta. Bindigar harbin tsuntsu ta yau da kullum, mai baki ɗaya ko biyu, tana ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar. Amma jadawalin dokar ya cire duk wadda ke da na'urar sake ɗana harsashi daga wannan rukuni ya bar ta a na uku, na haramtattun makamai, kuma a watan Fabrairun 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, an ambaci fam-akshin a cikin jerin. Ba Najeriya kaɗai ke tsananta mata ba. Birtaniya tun 1988 ta haramta wadda bututunta bai kai inci 24 ba, Ostireliya kuma ta taƙaita mallakarta ƙwarai bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996. Abin da ake gani ana sayarwa a shagunan Amurka ta intanet dokar Amurka ce ta ba shi dama, kuma ko a can ba kowace jiha ta yarda da fassarar ATF ba.

Duk wanda aka kawo wa tallar gajeriyar fam-akshin a Kano ko Gusau ko Maiduguri, aka ce masa ai ta gida ce ba ta buƙatar takarda, ya je ya tambayi hedikwatar 'yan sandan jiharsa kafin ya miƙa ko sisi. Mallakar haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba, hukuncinta a dokar 1959 ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne.